Ɗorawar Luba a Gonar Aro

Kekun Waje, Rajab 1335

Zuwa ga mahaifiyata Inna Habiba a Tsafe. Gaisuwa da ban girma. Yaya ƙafarki, yaya zafin bazara? Ina ƙanwata Adama da yara? Mu nan lafiya lau, tunkiyarmu ma ta haifi tagwaye.

Bayan haka, Inna, surukarki Luba ta jawo mini magana, kuma da hannunki a ciki. Kin tuna ɗanyar kalwar ɗorawarki da kika ba ta bara don ta yi daddawa? Ashe ba duka ta dafa ba. Ta binne wasu a gefen saurar da muke kiwon awaki, huɗu suka fito, yanzu sun kai gwiwa. Ta kewaye su da ƙayar magarya, tana ba su ruwan wanke-wanke. Ni kuwa kullum ina wucewa, ina zaton tarin ƙaya ne kawai. Kin san ɗanki da rashin lura.

Kin kuma san ƙa'ida: mai aron gona ba ya dasa itace, don itace shaidar mallaka ne. Wurin nan na Baba Labbo ne, dattijon da ya ara mana shi lokacin da yunwa ta koro mu daga gida. In ya gani ya ce ƙwace muke nufi, zai karɓe kafin ruwan shuka, ba mu kuwa da inda za mu.

Na ce Luba ta tuge su. Ta ce dabbobi na son inuwa, yara na son garin ɗorawa, ita kuma ta gaji da zaman baƙunta. Sau biyu na ɗauki fartanya na je da kaina, sau biyu na dawo. Ganyen ya tuna mini da ɗorawar ƙofar gidanmu, na kasa. Tsoro nake ji, Inna. Ki sa mu a addu'a.

Ɗanki, Uwaisu.

Kekun Waje, Sha'aban 1335

Zuwa ga Inna, bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarki. Saƙonki ya iso ta bakin fatake, cewa gaskiya dokin ƙarfe ce. Na ji, na sayi goro, na je na faɗa wa Baba Labbo komai.

Ya ɗauki sandarsa muka nufi saura. Ya daɗe tsaye yana kallon tsiron. Can sai ya zura sanda cikin shingen, ya nuna mini kafar da ɗan akuya zai iya shigewa, ya hau ni da faɗa, wai wane irin miji ne ke barin matarsa da saran ƙaya. Ya ce mutum biyar suka ari wurin kafin ni, kowa ya ci dawarsa, ya sare wa dabbobinsa gawo har kututture, ya yi gaba. Ba wanda ya bar masa ko inuwa.

Washegari ya zo da mai gari da liman, aka taka iyaka, ya ba mu wurin kyauta a gabansu. Sharaɗinsa ɗaya ne: daddawar fari tasa ce. Inna, mutumin nan ya haura saba'in, ɗorawa kuwa sai ta shekara bakwai ko takwas kafin ta haihu. Ya sani, mun sani. Luba ta juya baya tana share hawaye, ni ma ban tsira ba.

Na sake shingen, hannuna duk ƙaya, Luba na yi mini dariya.

Ki daina share mini ɗakina a Tsafe, ba zan dawo ba sai ziyara. Da kaka zan buga tubalin naki ɗakin a nan, ƙofarsa na kallon ɗorawar. Inuwar tukuna kaza ɗaya take ɗauka, amma ki zo, jikokin itacenki ne.

Luba na gaishe ki har ƙasa. Haza wassalam.

Ɗanki mai begenki, Uwaisu.