Tattalina Ya Kashe Motar 'Yata

Malama mai filin shawara,

Ina yi miki sallama, ina kuma roƙon ki agaza mini kafin kwana ashirin su cika, don bayan nan shawarar ba za ta yi mini rana ba. Ki yi haƙuri da ni, tsoho ne ni, ba na iya faɗin magana sai na ɗauko ta daga tushe.

Shekarun baya, a rumfar da muke zama mu tsofaffin direbobi, wani ya kawo labarin wai an ƙera wata mota da tafiya ba ta kashe ta, zama ne ke kashe ta. Wai in ka ajiye ta ka daɗe ba ka waiwaye ta ba sai ta yi fushi ta mutu, ko ƙarti goma ne suka tura ta ba za ta tashi ba. Duk rumfar ba wanda ya kai ni dariya. Na ce wannan ai irin labaran kakata ne, sai dai ita in ta gama takan faɗa mana cewa ƙarya ce. Shekara arba'in da ɗaya na yi a kan sitiyari, tun daga ƙaramar mota har mai taya goma sha takwas, ban taɓa ganin motar da hutu ya yi wa illa ba, in dai an ajiye ta yadda ya kamata.

To, 'yata ta biyu ma'aikaciyar jinya ce, ni na koya mata tuƙi da hannuna. Ita ce ta sayi irin wannan motar, haibirid, mai tafiya da fetur da lantarki. Bara aka tura ta ƙarin karatu na wata goma sha huɗu. Yayanta ya nemi ta bar masa motar, ta ƙi, ta ce ba wanda ya san mota kamar Baba. Ta kawo ta gidana ta ajiye a ƙarƙashin rumfar kwano. Ranar tafiya, jaka a kafaɗa, ƙafa ɗaya a waje, ta ce sau ɗaya a mako in tayar da ita in ɗan zagaya unguwa, ko in bar ta a kunne kamar rabin awa. Na ce ta tafi Allah Ya kiyaye hanya, ba ita za ta koya mini riƙon mota ba.

Asabar ta farko na shiga na zauna. Babu ramin makulli, maɓalli ne. Na taka birki na danna, fitilu suka kawo, wata koriyar kalma ta fito a allon gaban direba, amma ba ƙara ba motsi. Na kasa kunne ina jiran kukan inji, shiru. Can ina zaune sai injin ya tashi da kansa, ba wanda ya sa shi, ya yi 'yan mintuna, ya kuma mutu da kansa. A iya sanina, injin da ke mutuwa da kansa mota tana tsaye ba shi da lafiya. Na buɗe bonet, rabin abin da na gani ban san sunansa ba, ko batir ma ban gani ba.

Malama, wayata tana aljihuna a lokacin. Kira ɗaya ne. Amma ta yaya zan tambayi yarinyar da na sa wa matashi a baya don ƙafarta ta kai birki? Sai na yi abin da na iya, abin da muke yi in maigida zai yi doguwar tafiya. Na wanke motar tas, na ɗaga ta da jak na ɗora a kan katako don kada tayoyi su lotsa, na laluba har na gano batir a cikin but, wurin sa kaya na baya, ɗan ƙarami, na kwance shi, na rufe but, na lulluɓe motar da tamfol. Batirin na kai shi ɗakina na ɗora a kan katako kusa da taga. Duk wata sai na kai shi caji, na goge masa kai. Mai ɗakina ta ce shekara arba'in muna tare ba ta taɓa samun kulawar da batirin nan yake samu ba.

Duk mako 'yar tawa tana kira. In ta gama tambayar gwiwata da hawan jinin mahaifiyarta, sai ta tambayi motarta. Da farko nakan ce lafiyarta ƙalau, wannan kuwa a ganina ba ƙarya ba ce. Rannan ta tambaye ni kai tsaye ko ina tayar da ita. Na ce ina tayarwa. Da na faɗa sau ɗaya, sauran ba su yi mini nauyi ba. Har akwai ranar da na ƙara gishiri, na ce a ciki na kai mahaifiyarta asibiti. Mai ɗakina tana zaune tana ji. Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai kan ɗinkinta. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Makon jiya na ce bari in shirya mata motarta. Na yaye tamfol, na sauke ta daga katako, na je buɗe but ya ƙi, ashe makullinsa ma da lantarki yake aiki, ga batirin a hannuna. Haka na kwantar da kujerar baya na rarrafa ciki, ni mai shekara saba'in da biyu, ƙafafuna a waje, mai ɗakina tana riƙe da ƙofa tana dariyar da ba ta so in ji. Na ɗaura batir, na danna maɓalli. Fitilu ja da rawaya suka cika allo, amma koriyar kalmar nan ba ta fito ba. Na danna ya fi sau ashirin. Na tara maƙwabta biyar suka tura ni har kwanar layinmu, ƙafata ta hagu tana ta neman kulocin da babu shi. Suka sake turo ni gida suna haki, yara suna kallo.

Daga nan na kira Dogo, bakanikena na shekara talatin. Ya haɗa waya daga batirin motarsa, ba abin da ya canza. Sai ya ɗaga kujerar baya ya nuna mini wani dogon akwatin ƙarfe da wayoyi masu ruwan lemo, ya ce ga batirin motar nan, wanda nake ta reno a ɗaki ɗan aike ne kawai. Ya ce zai iya kwancewa ya gwada, amma da na matsa masa ya amsa cewa bai taɓa buɗe irinsa ba. Na ce ya mayar da sifanarsa aljihu tukuna.

Ga abin da ya kawo ni. Motar nan ta mutu ke nan har abada? In bar Dogo ya gwada? Babba kuma, in faɗa mata yanzu, ko in lallaɓa in gyara a ɓoye? Saura kwana ashirin ta sauka, Litinin ɗin da ke biye kuma za ta fara aiki a wani asibiti can bayan gari, inda motar haya ba ta kaiwa sai da ƙyar, kuma da motar nan ta dogara. Ba faɗanta nake tsoro ba, ba ta da faɗa. Ina tsoron daga yanzu in na ce mata abu lafiya ƙalau yake, ta ajiye waya ta kira yayanta ta tabbatar.

Labarin can na rumfa na sake jin sa sau biyu ko uku bayan nan, ban taɓa ɗaukar sa da muhimmanci ba. Wadda ta ba ni shi na ƙarshe kuwa, shekaranjiya a waya, ita ce 'yar tawa, mai motar. Wai ƙanin wata abokiyar karatunta ya rufe irin motar da tamfol shekara guda har ta mutu. Tana faɗa tana dariya, ta ce Allah Ya taimake ta ita da ta bar tata a hannun direba. Na taya ta dariyar.

Tsohon Direba

*

Baba Direba,

Na amsa sallamarka, Allah Ya ƙara lafiya. Bari in fara da motar, don matsalarta ta fi sauƙi. Ni ba bakanikiya ba ce, saboda haka na kai wasiƙarka wurin wani mai gyaran irin waɗannan motoci, ga abin da na fahimta daga bayaninsa.

Batir biyu ne a motar. Ƙaramin da ka yi ta reno, aikinsa shi ne ya farkar da kwamfutar motar da fitilu da makullai. Babban, na ƙarƙashin kujera, shi ne ke juya tayoyi in ana tafiya a hankali, kuma a yawancin irin motar shi ne ke tayar da inji. Shi kuma injin, da takun birki in ana tafiya, su ke mayar masa da caji. Kowanne yana jingine da ɗan'uwansa. Abin da ya tsorata ka ranar Asabar ɗin farko lafiya ce ba ciwo ba: koriyar kalmar tana nufin mota ta tashi, injin ya kunna kansa ya yi abin da zai yi, ya huta. Amma babban batir yana zubar da caji kaɗan-kaɗan ko ba a taɓa shi ba. In ya yi watanni da yawa a haka, sai ya yi ƙasa har ya kasa juya injin da zai cika shi. Shi ya sa turi bai yi ba, wayar Dogo ma ba ta yi ba, don ita ƙaramin kawai take kaiwa.

Ba lallai ne ya mutu ba. Masu wannan aiki suna da na'urar da ke karanta lafiyarsa da caja ta musamman, kuma sau da yawa yana farfaɗowa. Wani lokaci sai an canza wasu sassa a cikinsa, wani lokaci kuma dukansa. Ba mai iya faɗa maka wanne ne sai an auna. Kafin nan ka daina danna maɓallin, kana iya ƙarasa ɗan abin da ya rage. Dogo kuwa ka gode masa da ya faɗi gaskiya, amma kada ya taɓa wayoyin nan masu ruwan lemo. Wutar da ke cikinsu tana kisa. A ɗora motar a bayan babbar mota a kai ta, kada a ja ta da igiya, kuma a gaya musu tsawon zaman da ta yi don su duba fetur ɗin da ya daɗe a tanki.

Ba zan ɗora maka laifin duka ba. Abin da ka yi ba sakaci ba ne, aiki ne na wanda ya san darajar amana, kuma da ajiyar 'yan makonni ce, cire ƙaramin batir daidai ne. Ita ma 'yar taka ta yi gajen bayani. Umarni a bakin ƙofa ba ya isa ga motar da ta saɓa wa duk abin da mutum ya sani. Da ta zauna kusa da kai minti goma ta nuna maka, da ba mu zo nan ba. Wataƙila ita ma nauyinka ta ji, kamar yadda kai ka ji nauyin tambayarta.

Amma maganar da ka riƙa faɗa mata a waya, Baba, wannan taka ce kai kaɗai, kuma ka sani, shi ya sa ka rubuto.

Kada ka gyara a ɓoye. Motarta ce, ita ke da ikon cewa wa zai taɓa ta, kuma mai yiwuwa tana da wurin da take kai ta, ko takardun da za su sauƙaƙa aikin. In gyaran ya wuce kwana ashirin, tana bukatar ta san haka tun yanzu don ta nemi hanyar zuwa sabon aikinta. Kowace rana da ka ƙara a shiru, daga lokacinta kake ɗiba. Sannan sirrin da maƙwabta biyar suka tura har kwanar layi ba sirri ba ne kuma. In ba ta ji daga bakinka ba, za ta ji daga bakinsu, da ƙarin da ba ka yi ba.

Ka kira ta yau, kada ka jira ranar kiranta. Kada ka fara da batir, don in ka fara da shi za ka ɓoya a bayan bayanin inji har a gama wayar. Ka ce mata ba ka tayar da motar ba ko sau ɗaya bayan makon farko, ka ce mata ka yi ta faɗa mata akasin haka, ka faɗi dalili: ba ka gane motar ba, ka ji kunyar tambaya. Za ta ji zafi, ka bar ta ta ji, kada ka yi saurin neman ta ce ba komai. Ma'aikaciyar jinya ce, kullum tana ganin waɗanda suka ɓoye ciwo har ya yi nisa, ta kuma san bambancinsu da wanda ya zo da ƙafarsa ya faɗa. Yarda ba ta dawowa a kira ɗaya, amma a nan take fara dawowa.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciyar ɗaukar wayar, Ya sanyaya zuciyarta, Ya dawo da ita gida lafiya. A gaishe mini da Mama, a ce mata ta yi haƙuri da yawa.