Sharaɗi na 14 da Labarin Mista Lahti

Zuwa ga: Mista Harlan Dufresne, Shugaban Hukumar Gudanarwa, jaridar Port Alder Beacon, Michigan
Daga: Lorraine Pelkey, marubuciya
Kwanan wata: 6 ga Nuwamba, 2023
Game da: Neman janye sharaɗi na 14 na takardar ɗaukata aiki

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ga ƙorafina:

1. Shekara goma sha ɗaya ina yi wa jaridarku rubutu a matsayin mai zaman kanta, ina kuma yi wa wasu. Ranar 3 ga Afrilu editarku, Madam Gretchen Vandermolen, wadda ni ce babbar ƙawarta ranar aurenta, ta ɗauke ni aikin kwana biyu a mako. Ta buɗe mini shafi talatin a kwamfuta, ta ce in yi ta danna wurin amincewa, wai cika ƙa'ida ce kawai. Na danna ban karanta ba, don na yarda da ita.

2. Ranar 29 ga Satumba aka sallame ni da saƙo mai layi uku. Na koma rubuta wa wasu.

3. Ranar 24 ga Oktoba lauyanku ya rubuta wa mujallar Gull Point, wadda ta karɓi wani labarina, cewa sharaɗi na 14 ya hana ni rubuta wa kowace kafar yaɗa labarai cikin mil ɗari daga ofishinku har wata goma sha takwas bayan barin aiki. Nan take suka cire labarina kan Mista Eino Lahti, masunci mai shekara tamanin da tara, wanda likitoci suka ce ba zai ga sabuwar shekara ba. Na yi masa alkawari zai riƙe labarinsa a hannu.

4. Madam Vandermolen ce na fara kai wa labarin nan, ta ce ba mai karanta tarihin tsohon masunci. Ita kaɗai kuma na gaya wa inda na kai shi daga baya. Yallaɓai, an ci amanata, kuma abin ya yi mini ciwo fiye da korar.

Don haka ina roƙon ka aika wa mujallar takardar izini kafin 13 ga wata, ranar da za ta shiga ɗab'i. Fitowa ta gaba sai Maris. Ba aikina nake nema a mayar mini ba.

Jiya Mista Lahti ya tambaye ni ko an buga. Na ce masa yana hanya. Ina roƙon kada a mai da ni maƙaryaciya a wurinsa.

Ka huta lafiya. Taka cikin ladabi,

Lorraine Pelkey