Sunan da Suka Laƙaba Mini a Tawa

Litinin, 14 ga Oktoba

Sati biyu ke nan da na baro Tebaram. Gwaggo Hajaratu, ƙanwar Baba, ta ba ni ɗakin da take ajiye hatsi, ta ce nawa ne har in gama lise, wato babbar sakandare. Tun da safe take tafiya aikinta na asibiti, sai la'asar. A gida mu shida muke sa hannu a kwano ɗaya. Nan daga ni sai kwanon.

A kilas, wato ajinmu, mun fi sittin, yawancinsu sun san juna tun tuni. Mutum ɗaya ke yi mini magana, Samira, wadda muke benci ɗaya. Ubanta ma'aikaci ne, daga Yamai aka kawo shi. Ta ara mini jan bik na rubutu, ta ce, "Riƙe, Nasiratu, ina da wani." Na ji daɗi fiye da yadda ya kamata.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Mushe Issouf, malamin labarin ƙasa, ya ce in tashi in karanta. Na san darasin, sau uku na bi shi jiya. Amma da na iso kalmar nan ta Faransanci mai nufin yawan jama'a, harshena ya ƙi. "Fofulasiyo" na ce. Na sake, ta sake fitowa haka. Kilas ta fashe da dariya. Mushe ya buga tebur ya ce in ci gaba. Na ci gaba, amma ban ji abin da nake faɗi ba.

A Tebaram duk haka muke faɗinta. Kuma ni na zo ta ɗaya a makarantarmu ta can.

Litinin, 28 ga Oktoba

Sun sa mini suna, Fofo. Tun daga ƙofar lise ake kirana da shi, har waɗanda ban taɓa gani ba. A Zabarmanci gaisuwa ce, don haka ko malami ya ji, sai ya ɗauka gaishe ni ake. To wa zan kai wa ƙara? In ce ana gaishe ni?

Laraba, 30 ga Oktoba

Lokacin hutu na zauna bayan ɗakin ajiya. Ba wanda ya neme ni.

Talata, 5 ga Nuwamba

Akwai wata doguwa mai zama a bencin ƙarshe, Zahara, daga wajen Abalak. Ba ta cika magana ba. Yau ta same ni bayan ɗakin ajiya, ta miƙo mini salularta ba ko sallama.

Bidiyo ne. Ni ce tsaye da littafi, an yanko wurin "fofo" an maimaita shi, an sa kiɗa a ƙarƙashi, an ɗora mini kunnuwan jaki. Yana cikin gurup ɗin kilas na WhatsApp, daga nan ya bazu. Ni salulata mai maɓalli ce, kira kawai take yi. Ashe kwana goma sha biyu kowa na kallona, ni kaɗai ban gani ba.

Na sake kallo. Daga ƙasa aka ɗauka, daga hagu, kusa ƙwarai. Mutum ɗaya ke zama a haguna.

Zahara ta ce, "Kada ki yi faɗa da kowa. Na ajiye shi, da sunan wadda ta fara turowa. Bara ni suka yi wa, saboda Hausata."

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na tambayi Samira. Ba ta musa ba. "Haba, wasa ne fa! Ni mutum uku kawai na tura wa. Kunnuwan ba ni na sa ba."

Na mayar mata da bik ɗinta. Ta karɓa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ban faɗa wa Gwaggo ba. Ta ce na rame, na ce ruwan Tawa ne bai karɓe ni ba tukuna. Na yi wanki. Na share tsakar gida sau biyu don kawai in ji motsi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Bidiyon ya kai Tebaram.

A rumfar masu cajin salula wani ya nuna wa Baba. Ya kira Gwaggo da la'asar, ina jin muryarsa daga inda nake tsaye. "Mi nike ji? Ɗiyata cikin salula, maza na kallo suna dariya? Ban kai ta Tawa don ta zan abin kallo ba. Lahadi ina zuwa kasuwa, ta haɗa kayanta."

Gwaggo ta ajiye salular ta dube ni. "Sati uku kina cikin wannan, muna gida ɗaya, ba ki buɗe baki ba?" Ba faɗa take yi ba. Gara ma da faɗan ne.

Na haɗa kayan. Ba su da yawa. Wani ɓangare na zuciyata murna yake yi. Zan ga Inna, zan yi magana ba mai jiran harshena ya karkace.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Baba ya kwana, don Gwaggo ta ce ba zai ɗauke ni ba sai ya ga malamai. Muka tafi mu uku. Baba da rawaninsa a tsakar lise, ni ina addu'a kada wani ya ɗaga salula.

Mushe Issouf ya kai mu ofishin shugaban lise. Aka ce in kawo shaida, don an riga an goge bidiyon daga gurup. Sai ga Zahara a bakin ƙofa, ban san wanda ya kira ta ba. Ta nuna komai.

Mushe ya kalli bidiyon har ƙarshe. Ya ce wa Baba, "Malam, a darasina aka yi wannan, ban gani ba. Kullum ina jin sunan, na ɗauka gaisuwa ce. Laifin har da nawa."

Shugaba ya ce za a kira iyayen mutum huɗu, kuma daga yau ba salula a cikin kilas. Baba ya ce duk ya ji, amma abin da ya shiga salula ba ya fita. Ba wanda ya ce masa ƙarya ne.

Sai ya juyo gare ni. Bai taɓa tambayata ra'ayina a gaban mutane ba. "Ke, mi kike so?"

Na buɗe baki in ce gida. Abin da ya fito shi ne, "Baba, bari in kai hutun Disamba."

Ya tafi da motar la'asar, ya bar mini ƙullin ƙuli-ƙuli daga Inna. Na ci ina kuka.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Samira ta ba ni haƙuri a gaban kilas, idonta na kan tablo, babban allonmu. Yanzu ba mai cewa Fofo da ƙarfi. Ba mai cewa komai. Wai ni na jawo aka hana salula. Na koma bencin ƙarshe.

Talata, 3 ga Disamba

Kwana biyu Zahara ba ta zo ba, an ce masassara. Na kwafi darasin lissafi sau biyu, ɗaya a kayena na rubutu, ɗaya a farar takarda. Ba don komai ba, hannuna ne ba ya son zama.

Ba wai ƙawata ba ce. Ba mu fi magana goma ba tun da na koma kusa da ita. Amma na tambayi mai gadin lise unguwarsu, ya kwatanta mini. Akwai ɗan nisa. Gwaggo ta ce in zan je, in tafi mata da fura.

Gobe ba mu da darasin yamma.