Rasuwar Dattijo Eliphalet Tarbox, Mai Sansano Shayi

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Kwamitin Ƙaurace wa Kayan Ingila na garin Saltmarsh, yankin Massachusetts, ya samu labarin rasuwar babban jami'insa, Mai Girma Dattijo Eliphalet Tarbox, jigo a coci kuma dodon matan gari, wanda ya cika ranar Litinin bayan gajeriyar jinya.

Tun ranar da garin nan ya rantse ba zai ƙara kurɓar shayin da Ingila ta ɗora wa haraji ba, marigayin ya sadaukar da hancinsa ga ƙasa. Daga bakin titi yakan shaƙi iska ya ce wance ta ɗora buta, kuma ba ganyen lambu take dafawa ba. Gida goma sha bakwai ya bankaɗo, har da na surukarsa, ya ƙwace shayinsu, aka buga sunayensu a jarida, gari ya daina saye da sayarwa da su. Za a daɗe ba a sake yin hanci irin nasa ba.

Kwamitin na sane da surutun da ake yi kan akwatin shayin da masu ɗaukar gawa suka yi tuntuɓe da shi a ƙarƙashin gadon marigayin, da kiran da wasu ke yi cewa a buga sunan matarsa, Uwargida Mehitabel, mai gasa burodi, wadda da tanderunta take ciyar da marayu huɗu. Mun tuntuɓe ta cikin ladabi, ta ce: "Ku buga mana! Ni ma ina da sunayen masu zuwa taro gidan nan duk Alhamis, kowa da kofinsa a aljihu."

Bayan dogon nazari, Kwamitin ya tabbatar cewa abin da ke cikin akwatin kayan shaida ne, don haka Uwargida ba ta da laifi, kuma jama'a su ci gaba da sayen burodinta.

Muna roƙon Ubangiji ya jiƙan marigayin, ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi. Za a lalata kayan shaidar da ruwan zafi, kaɗan-kaɗan, a gidan marigayin, duk Alhamis kamar yadda aka saba.

Sa hannu:
Abner Loomis
Kakakin Kwamiti
9 ga Maris, 1775