Kwamfutar Baba a Zaure

Lafiya, 4 ga Maris

Yaya Salmanu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Anti Huseina da yara. Na rubuto ne don a waya ba ka barina in kai aya.

Maganar Baba ce. Tun da likita ya hana shi zirga-zirgar kasuwar Doma saboda gwiwoyinsa, ya zama kamar ba shi ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana sayen riɗi, yanzu tuwo ma sai an lallashe shi. Ko zaure ya daina fita. Abin yana ci min rai wallahi.

Makon jiya ya tarar da ni ina duba farashin hannun jari a waya, ya ce, "Wannan ja da koren fa?" Na ce kasuwa ce, kore ya tashi, ja ya faɗi. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "To ai riɗi ne." Tun ranar yake tambayata kamfanonin da ba ruwansu da giya ko kuɗin ruwa. Ina so in haɗa masa kwamfutar da zai riƙa saye da sayarwa daga gida. Amma ya kafa sharaɗi: in abin ya ba shi kunya a gaban mutane, shi da shi har abada. Ka san Baba, magana ɗaya yake yi.

Shekarata shida ina gyaran kwamfuta, don haka ka bar min zaɓin. Shawararka kawai nake nema.

Ƙanwarka,
Rahma

Legas, 9 ga Maris

Rahma,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya. Na ji daɗin tunaninki, amma gyaran kwamfuta daban, haɗa ɗakin ciniki daban. Wannan aikin manya ne, 'yar autan Baba.

Na riga na saya. Kwamfuta ce ƙatuwa mai fanka shida da fitilu masu launi, skirin huɗu, da kujerar ofis mai juyawa. Irin wadda manyan 'yan kasuwa ke amfani da ita a hotunan da na gani a intanet. Direba zai kawo ranar Laraba. Ki share ɗakin baya, ki rufe taga saboda ƙura.

Ki gaida Baba, ki ce ɗansa da ya ajiye wa ƙarfen nan na Kaka na soka buhu a duba riɗi bai manta da shi ba.

Yayanki,
Salmanu

Lafiya, 14 ga Maris

Yaya Salmanu,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Kaya sun iso, Allah ya ƙara buɗi. Yanzu ka yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Da farko Baba ya ƙi ɗakin baya. Ya ce cinikin da ake yi a ɗaki a rufe, ɓarawo ke yin sa. Shi a zaure zai zauna, kan tabarma, mai wucewa ya gan shi. Kujerar kuwa da ya hau ta juya da shi, da ƙyar na tare. Na jona kwamfutar, fitilu suka kama kamar gidan biki. Da hantsi aka ɗauke wuta, inbata mai ba da wutar batir ta yi kuka, ko kwatan awa ba a yi ba komai ya mutu. Skirin huɗun ma rubutunsu ƙanana ne, Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓawa. Sai ya tashi ya shige ciki.

Ga kuma wata: ya riga ya aika wa Baba Terlumun, amininsa Batibi da ke kawo masa riɗi tun ba a haife ni ba, cewa ya zo Litinin da abokansu su ga sabuwar kasuwarsa.

Sai na tuna abin da yake faɗa mana muna yara, cewa ba a sayen riɗi daga bakin buhu, sai an kai hannu gindi. Na ɗauko kwamfuta uku daga shago, na jera su a zaure, na kunna su a batir kaɗai tun hantsi har la'asar, cikin zafin nan na Lafiya da ka manta. Bayan kowace awa in ɗora tafin hannuna a kan kowacce. Ɗaya ta yi zafi kamar dutsen guga, ɗaya ta fara tsayawa. Ta ukun ba ta kai mudu girma ba, amma ko gezau. Ita na ɗauka. Na haɗa ta da skirin ɗaya babba a kan ɗan benci, daidai idon mai zaune a ƙasa, na ƙara girman rubutu, na sa layin intanet biyu don in ɗaya ya ɗauke ɗaya ya riƙe. Faifan sola biyu sun ishe ta.

Ba raini ba ne, Yaya. Kayanka na nan a kwalinsu.

Ƙanwarka,
Rahma

Legas, 15 ga Maris

Rahma,

Na gani. Watau abin da bai kai mudu ba za ki ajiye wa Baba a gaban baƙi? Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. In aka yi masa dariya ranar Litinin, kin san dai ba zai sake fitowa zaure ba, kuma ke kika jawo.

Salmanu

Lafiya, 18 ga Maris

Salmanu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ni ne da hannuna, don haka ka yi haƙuri da rubutun.

Terlumun ya zo jiya, su biyar. Da ya ga 'yar kwamfutar ya tambaya ko akwatin ashana ne, aka yi dariya, ni ma na dara. Muna cikin gardama a kan wani kamfanin siminti aka ɗauke wuta. Fankar zaure ta tsaya, kowa ya juyo yana kallona. Skirin ko ƙiftawa bai yi ba. Na sayi abin da zan saya a gabansu. Terlumun ya ce gobe ma zai dawo, in ajiye masa gefen tabarma. Tuwon jiya sai da aka ƙaro min.

Na gode da kayanka, ɗa nagari ne ke yin haka, Allah ya yi maka albarka. Amma kai bakin buhu ka duba. Ƙanwarka na leƙo ta ta ƙofa, yini guda tana durƙushe, gumi na zuba, hannunta a kan na'ura. Ban san lokacin da hawaye ya zo min ba. Ina alfahari da ita, kuma na faɗa a gaban mutane.

Ƙarfen soka buhun da na ajiye maka na ba Rahma. Ta rataye shi a shagonta. In ka zo da Sallah, ka je ka gani.

Mahaifinka,
Sharhabilu