Takalmin da ruwa zai iya cirewa

Malam,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan gaya wa in ba kai ba?

Ɗari ya shigo Madarunfa, ruwan tafki ya yi sanyin da ya yi ranar da ka tafi. Gero ya ƙare a rumbu da wuri. Ɗanka na fari ya ce zai shiga jirginka ya kama kifi. Na hana, na yi kuka, bai ji ba. Taurin kanka ya ɗauko kaf.

Filafilinka yana nan bayan ɗaki. Shi ya fara isowa bakin tafki, shi kaɗai, kafin masu nutso su fito da kai. Yaron ya so ya ɗauka, na ƙi. Ya yi masa tsawo, ya kuma yi nauyi. Na kai yaron wurin masassaƙi, aka auna masa daga ƙasa zuwa haɓa yadda kake yi, aka sassaƙa masa wani na itacen gawo mai faɗin baki, wanda in jirgi ya kife zai rungume.

A kan takalmi muka yi faɗa. Bot yake so, dogo har gwiwa, irin wanda ka sayo a Ɗan Issa kana ta taƙama ƙafarka ta huta da sanyi. Haba Malam! Kai da ka iya ruwa kamar tarwaɗa, ba ka san in ya cika da ruwa ba ya cirewa ba? Wallahi har yau ina jin haushinka. Da wuƙa aka yanke shi daga ƙafarka.

Silifa na ba shi, wanda ruwa zai kwashe ya bar mini ɗana. Ƙafarsa za ta tsage, zan shafa mata man kaɗanya.

Jiya ya tura jirgi. Ka san tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, don kunyar ɗan fari. Da ya yi nisa sai na ji bakina yana ƙwala kira: Laminu! Mata suka juyo suna kallona. Shi bai ji ba.

Ya dawo. Gobe zai koma.

Allah Ya haskaka kabarinka. Kada ka kira shi, Malam, ka bar mini shi.

Matarka,
Hadiza