Na Yi wa Gwaggo Juye, Baba

Zuwa ga mahaifina, Baba Ishaku direba, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da ladabin da ka koya mini, ina fata kana cikin hutun da aka yi wa masu aminci alkawari. Mama tana nan lafiya, sai dai ƙafar nan da ke damunta in gari ya yi sanyi. Na san ba ka taɓa yarda da wayar shafawa ba, ka ce ta marasa aikin yi ce. To ga shi a cikinta nake rubuto maka, mutane kuma suna karantawa. Ka yi haƙuri, ban san wata hanyar ba.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne in sanar da kai na yi wa Gwaggo juye. Kuma ba irin baƙin man da ka saba ba ta na zuba ba.

Ka bari in gaya wa masu karatu ko wace ce Gwaggo. Motarka ce ta haya, wadda ka yi ta jigila da ita tsakanin Samaru da Sabon Gari tun ban iya ɗaura wando ba. 'Yan tasha ne suka sa mata sunan don tsufanta, kai kuma ka karɓa kamar sarauta aka ba ta. Ita ta ciyar da mu. Har yau ita ke ciyar da ni da Mama.

Ina tuna ranakun juye. Asabar da safe, garejin Oga Emeka, makanikinka na Sabon Gari. Ba ka yarda kowa ya zuba mata mai sai kai da hannunka. Kafin ka zuba sai ka ɗiga kaɗan a yatsa, ka murza, ka ɗaga wa rana, ka shinshina. In ya yi maka, sai ka gyaɗa kai kamar mai ɗanɗanar miya.

Tsohon man kuwa ba ka bari a gareji. Sai ka tara shi a galan ɗin nan mai ruwan ɗorawa ka kawo gida, ka bi ƙofar ɗaki, da ƙafafun benci, da sandunan akurkin kaji kana shafawa saboda gara. Mama ta yi ta mita don zannuwanta sun yi tabo. Kai kuma ka ce, “Saratu, ki zaɓa. Ko tabo a zani, ko ki wayi gari ba ƙofa.”

Tun kana nan Oga Emeka ya so ka koma sabon man nan da ake ce wa sintetik. Ya ce ya fi jure zafi, ya fi daɗewa, ba ya daskarewa a cikin inji. Ka ɗiga a yatsa, ka murza, ka mayar masa da galan ɗinsa ka ce, “Emeka, wannan ai shayi ne. Gwaggo kunu ta saba sha.” Shi kuma ya ce, “Kai da motarka duk ɗaya ne, tsufa da taurin kai.” Kuka yi ta dariya.

Juyenka na ƙarshe ina wurin. Ciwon ya riga ya kama ka, amma ka ƙi faɗa wa kowa. Na lura hannunka yana rawa, man yana zuba a gefen inji, abin da ban taɓa gani ba. Sai ka miƙo mini mazurari ka ce in riƙe. Na riƙe, kana zubawa. Ba a daɗe ba muka kai ka asibiti, daga can kuma ba ka dawo da ƙafarka ba.

Gwaggo ta yi damina guda a ƙarƙashin tamfal. Ran nan Mama ta ajiye makullin motar kusa da kwanon abincina. Na gane.

Da lokacin juye ya yi, na kama hanyar gareji. Har na hango ƙofar, sai na tuna man da ke cikin injin nan kai ka zuba shi. Rigunanka an raba wa 'yan'uwa, takalmanka an bayar, benci ma wani ke zama a wurinka. Wannan kaɗai ya rage da hannunka ya sa, kuma yana nan yana zagayawa, yana aiki. Sai na juya kan mota na koma tasha.

Daga nan ciko kawai na riƙa yi. Ka san Gwaggo da shan mai. In ya yi ƙasa sai in ƙara mata irin naka mai kauri, ina gaya wa kaina ko nawa na ƙara, naka yana ciki. Kullum da safe in na zaro gejin auna mai, sai in murza a yatsa in shinshina. Warin hannunka ne, Baba. Warin da nake ji in ka dafa kaina ina yaro.

Amma kai ka koya mini sauraron inji, don haka ba zan ce ban ji ba. Da safe ta fara wani kaf-kaf kafin ta saki jiki. A cunkoson Kwangila fitilar mai ta fara ƙiftawa tana ɗaukewa. Ran wata Lahadi na ɗauko matan zumuntar cocinmu za su gaisuwa Basawa, muna kaiwa Hanwa fitilar ta kama, ta ƙi mutuwa. Na gangara gefe na kashe ta. Matan suka sauka da Littafinsu da kulolinsu suka nemi wata motar. Ɗaya ta ce, “Da Baba Ishaku ne da mun isa.” Ba da mugunta ta faɗa ba.

Washegari aka ja ta zuwa Sabon Gari. Da Oga Emeka ya buɗe saman injin, abin da na gani kamar ƙanzon tuwo ne aka kwaɓa da kwalta. Ya daɗe yana kallo. Na zaci zai yi faɗa, sai ya ce, “Ayuba, ranar da ka juya a bakin ƙofa na gan ka. Na san abin da kake ajiyewa. Amma in ka ƙara sati haka, injin zai buga, kuma Gwaggo ba za ta sake tashi ba.”

Ya yi mini bayani a hankali. Za a kwance tukunyar ƙasa inda mai ke kwanciya a wanke da hannu, a sa sabuwar filta, sannan a zuba sintetik. Ya ce ba duka ne shayi ba, akwai mai ɗan kauri da aka yi don tsofaffin injina. Man ne zai riƙa wanke sauran dattin sannu a hankali, don haka juye na gaba kada in jira ya daɗe. Ya kuma ce kada in tsorata in na ga tana ɗiga, don wani wurin dattin ne ya toshe ɓarakar da ke nan tun da can.

Na bar motar a gareji. Na koma gida na gaya wa Mama komai tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, “Babanka mota ya bar mana mu ci abinci. Da yana nan da ya ja kunnenka a gaban 'yan tasha.” Can kuma ta ce, “Ka tafi da galan ɗinsa.”

Da na koma gareji da galan ɗin, ni na shiga ƙarƙashin motar, ni na kwance notin. Man bai zubo da gudu ba yadda ya saba. A hankali ya riƙa saukowa, baƙi ƙirin, kamar ba ya son fita. Oga Emeka ya juya baya yana neman wata sifana da take hannunsa. Na bari sai da ɗigon ƙarshe ya faɗa cikin galan.

Da na zo zuba sabon, na ɗiga a yatsa na murza na ɗaga wa rana. Garau yake kamar man gyaɗa. Na shinshina, ban ji kowa ba. Na ɗauki mazurari, na rasa wanda zan miƙa wa. Oga Emeka ya karɓa ya riƙe mini.

Gaskiya zan faɗa maka, Baba, ko da ba za ka so ji ba. Man ya karɓe ta. Ta ɗan yi ɗiga kamar yadda aka faɗa, aka canza sil guda, robar nan mai tare mai, ya tsaya. Yanzu da safe bugu ɗaya take tashi, fitilar ba ta sake ƙiftawa ba, a cunkoso ba ta huci. 'Yan tasha suna tsokanata wai Gwaggo ta koma budurwa.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne muryarta za ta canza. Ka san Mama tun daga kwanar layinmu take jin zuwanka, kafin ka kashe mota ta riga ta ɗora ruwan wanka. Ko bayan ka tafi, in na shigo da motar sai in tarar ta miƙe. Ranar da na dawo da sabon mai har na shiga tsakar gida ba ta sani ba. Da na gaishe ta sai ta zabura, ta dube ni, ta dubi ƙofa. Ta ce, “Ban ji Gwaggo ba.” Ta tashi ta shiga ɗaki. Ashe ba ni kaɗai nake ajiye da wani abu a cikin injin nan ba.

Galan ɗin ya kwana biyu a bayan ƙofa ban taɓa shi ba. Ran Lahadi bayan sujada na ɗauke shi na tafi maƙabarta. Gicciyen katakon da muka kafa maka, gara ta fara hawansa daga gindi, ta yi hanyarta ta jar ƙasa har kusa da sunanka. Na kankare da makullin mota. Na tone gindin kaɗan, na sa tsumma na shafe shi da manka, gaba da baya, yadda kake yi wa ƙafafun benci. Sunan kaɗai na kewaye. Man ya isa daidai, bai rage ba.

Farar rigata ta coci ta yi tabo a hannu. Da na dawo Mama ta gani, na jira mita, ba ta yi ba. Ta ce in cire in ba ta, ita za ta wanke. Har yau ban ga rigar a kan igiya ba, ni kuma ban tambaya ba.

Allah ya ba ka hutu, Baba. Ya sa hannunka ya daina rawa a inda kake. Ya ba Mama haƙuri, ya koya wa kunnenta sabuwar muryar nan. Ya tsare Gwaggo a kan hanya, ita da duk wanda ya shige ta, har ranar da za mu sadu a gaban Ubangiji. Amin.

Ni ne ɗanka mai riƙe maka mazurari,
Ayuba.